Wa ke karya shinkafarmu, injin casa ko gona?

Alhaji Mai Inji (Kura):
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma tunda a nan akwai manoma, akwai mata masu gumi, wato masu jiƙa shinkafa su turara ta kafin a casa, akwai dillalai, gara a baje ta a faifai kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Duk lokacin da shinkafa ta fito a kakkarye, ko ta yi duhu, ko wani ya tauna tsakuwa, mai inji ake zagi. A ce injinsa ya tsufa, ko yaransa ba su iya saiti ba. Ni kuwa abin da nake gani da idona shi ne, inji ɗaya, yaro ɗaya, wuni ɗaya, a zuba buhun wani ta fito doguwa santala-santala, a zuba na wani nan take ta fito rabi tsaki. Babu abin da ya canja sai shanshera, wato shinkafar da ke cikin ɓawonta ba a casa ba.

Ga lissafin. Idan ka zuba kilo 100 na shanshera mai kyau, kusan kilo 20 ɓuntu ne, kusan 10 dusa ce, shinkafar da za ta rage maka ba ta cika wuce kilo 65 zuwa 68 ba. Wannan fa idan kaya sun yi kyau. Idan mai fanko ce da ƙasa da danshi, abin da za ka kwasa ya yi ƙasa da haka nesa ba kusa ba, kuma mafi yawansa karyayye. Dizal ɗin da inji zai sha ɗaya ne, kuɗin yara ɗaya ne, kuɗin mota ɗaya ne. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 babu mai injin da zai iya ɗaukar irin wannan asarar. Ni a ganina matsalar daga gona take tasowa, kuma a can ya kamata a gyara ta.

Ɗan Fadama (Auyo):
Wa alaikumus salam. Alhaji, Allah ya ƙara arziki, maganarku gaskiya ce, amma rabinta kuka faɗa. Ina da tambaya. Idan na kawo muku wadda na buga a kan tamfol, na sa aka sheƙe ta sau biyu, na shanya har ta yi ƙas a haƙori, maƙwabcina kuma ya kawo wadda ya buga a ƙasa ya ɗura ta da ƙaiƙayinta, nawa za ku ƙara mini a kan nasa? A kasuwa abin da ake cewa kawai shi ne yau buhu kaza yake. Ni na biya masu sheƙa, na sayi tamfol, na yi kwanaki ina gadin shanya. Abin da iska ta kwashe daga nawa, shi yana cikin buhunsa yana cika masa awo. Ƙarshenta wanda ya gyara shi ne ya tashi da ƙarancin buhu. Ku gaya mini da wane baki zan ce wa ƙanena ya riƙa gyarawa.

Sale Mai Kurkura (Garun Malam):
Ɗan Fadama ka faɗi gaskiya. Mu da muke ɗaukar kayan nan daga gona zuwa inji muna gani. Wani buhun idan ka sauke, gindinsa ɗumi yake yi, ka san ba ta bushe ba aka ɗinke.

Maman Hafsa (Bunkure):
Sallama gare ku iyayenmu da 'yan'uwa. Ku maza kuna maganar buhu ɗari, mu mata buhu biyu ko uku muke saye, kuma jarin ke nan gaba ɗaya, sau da yawa ma kuɗin adashe ne. Don haka idan aka ce kaya marasa kyau, mu ne muka fi kowa sanin zafinsa.

Ni kafin shanshera ta ga wuta sai na wanke ta. A nan ake fara sanin abin da aka sayo. Ka juye ta a duro ka zuba ruwa, duk wadda ba ta yi ƙwaya ba sai ta taso sama ta rufe ruwan. Wani buhun hannu biyu za ka kwashe, wani kuwa sai ka cika kwano, ka sake cikawa, kuma duk da kuɗin shinkafa ka saye su. Idan ka tsiyaye ruwan, a gindin duron ga laka ga yashi a kwance. Wannan ma mai sauƙi ne, don ana gani, ana zubarwa.

Wanda ya fi ci mana rai shi ne gauraye. Ka duba cikin tafin hannunka, ga doguwa siririya, ga gajeriya mai kauri, ga ja jefi-jefi. Ba sa shan ruwa tare. Idan na jiƙa su a ruwan zafi suka kwana, siririyar ta ƙoshi tun tsakar dare, mai kaurin kuwa har safiya tsakiyarta ba ta jiƙu ba. Idan na ɗora a wuta na sauke da zarar siririyar ta fara buɗe baki, mai kaurin za ta fito da farin tabo a tsakiya, kuma a nan take karyewa a inji. Idan na jira mai kaurin, siririyar ta fashe ta yi laushi ta manne da 'yar'uwarta. Ko ta ina aka bi akwai wadda za ta lalace.

Sannan wadda aka yanke ba ta gama nuna ba, mai kore-koren nan, da wadda ƙwaro ya tsotsa, bayan gumi baƙi suke komawa. Su ne muke zama da yara a kan tabarma da faifai muna tsincewa ɗaya bayan ɗaya har wuya ya ƙage. Ba mai biyanmu kuɗin wannan zaman. Idan ba mu tsince ba kuma a kasuwa a ce shinkafar Maman Hafsa ba ta da haske.

Alhaji Mai Inji (Kura):
Allah ya saka da alheri, Maman Hafsa. To kun ji. Ita ma daga gona ta gaji matsalar.

Maman Hafsa (Bunkure):
Alhaji, ban wanke mu mata duka ba fa. Akwai mai jiƙawa a ruwan sanyi kwana biyu ko uku ba ta canja ruwan ba don tsoron kuɗin itace, har ya yi tsami. Warin nan da mutanen birni suke cewa shinkafar gida tana yi, daga nan yake. Akwai kuma mai dafa ta tsundum cikin ruwa maimakon ta bar tururi ya yi aikin, ta ƙasa ta ƙone ta sama ba ta ji ba. Mu yanzu faranti mai huda-huda muke sawa a cikin tukunyar, ruwa a ƙasa, shinkafa a sama, a rufe da buhun algarara. Launin yakan fito iri ɗaya. Amma ko da wannan, gauraye ba ya gyaruwa.

Malamin Gona Mai Ritaya (Garun Malam):
Salamu alaikum. Na bi maganganun nan tun daga farko. Ina so in yi bayanin abu ɗaya da ido ba ya gani, domin shi ne yake haɗa Alhaji faɗa da masu kawo masa kaya.

Mafi yawan ƙwayar da ke karyewa a inji, tun tana cikin ɓawonta ta riga ta tsage. Inji raba ta kawai yake yi. Ga yadda tsagewar ke faruwa. Idan ƙwaya ta bushe sosai, sannan ta sake shan danshi, bayanta yakan kumbura kafin cikinta, sai ta tsage a gicciye. Haka ma idan aka busar da ita da gaggawa a rana mai tsanani, baya ya bushe ciki da sauran ruwa. To ku duba yadda muke yi. Mu bar shinkafa a tsaye har ta wuce lokaci, ko mu yanke mu bar ta a kwance a gona kwana da kwanaki, da rana ta gasu, da asuba raɓa ta sauka a kanta. Kowace safiya akwai ƙwayoyin da ke tsagewa. Ta rani kuwa, wadda ake yankewa gab da faɗuwar damina, ruwan farko ɗaya ya ishe ta.

Wanda yake son ya gani da idonsa, ya ɗebi ƙwaya kamar ashirin daga buhu, ya ɓare su da farce a hankali, kada ya murza. Ya kunna fitilar wayarsa ya ɗora su a kai ɗaya-ɗaya. Lafiyayya haske zai ratsa ta sumul. Mai tsagu za ka ga wani siririn layi ya gitta ta, wata ma layi biyu. Idan ka ƙirga masu layin, ka san abin da inji zai ba ka tun ba ka biya kuɗin casa ba.

Lokacin yanka shi ne idan kashi 80 zuwa 85 cikin ɗari na ƙwayoyin zangarniya sun koma ruwan kara, kusan wata guda bayan ta fitar da kai. A lokacin danshinta yana tsakanin 20 da 25 cikin ɗari. A buga ta ranar ko washegari, a shanya, kaurin shanyar kada ya wuce gaɓar yatsa biyu, a riƙa juyawa, idan rana ta take a tattara ko a rufe. Abin da ake nema shi ne danshi ya sauko 14, nan ne take ajiyuwa, nan ne kuma take casuwa da kyau. Gumi mai kyau yana liƙe wasu tsagun, shi ya sa turararriya ta fi ɗanya tsayuwa a inji. Amma ita ma idan aka baza ta a kan kwalta da tsakar rana aka bar ta har la'asar, sabuwar tsagewa za ta yi. A fara da rana, a ƙarasa a inuwa.

Ɗan Fadama (Auyo):
Baba Malam, Allah ya ƙara lafiya. Duk abin da kuka faɗa mun yarda, da yawanmu ma mun sani. Abin da ke hana mu bi shi ne nake so a ji.

Mai yankewa da wuri, jan baki ne ya kore shi. Wanda bai taɓa ganin garken tsuntsun nan ya sauka a gona ba, ba zai gane ba. Tun asuba yara suna gona da gwangwani da majajjawa har magariba, kuma ranar da aka yi sake, aikin wata huɗu ya tafi. Idan maƙwabtanka na gabas da yamma sun yanke, kai kaɗai ka rage, duk tsuntsun yankin kanka zai dawo. Dole ka sa lauje ko da kore a jikinta. Ga mai bashin taki yana aiko yaro kullum.

Mai yankewa a makare kuma, masu yanka ne bai samu ba. Shinkafar gari gaba ɗaya a mako biyu take nuna, 'yan ƙwadago su yi tsada, kowa yana layi. Injin girbi idan ya shigo gari manyan gonaki yake fara bi. Mu nan ƙasar Haɗeja ga ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa, wani wurin ruwa ya ƙi zuwa, wani wurin ya ƙi tafiya. A ambaliyar 2022 mutane cikin ruwa har ƙugu suka riƙa yanko abin da ya rage, babu busasshen wurin da za a shimfiɗa tamfol. Wanda ya tsira da buhu goma a wannan shekarar, ba za ka ce masa don me ta yi duhu ba.

Ban ce a bar gyara ba. Cewa nake gyara kuɗi ne, kuma har yau manomi kaɗai ake so ya biya.

Baba Dillali (Gujungu):
Yaro ka yi magana. Ni na tsufa a cikin kasuwar nan, bari in faɗi abin da na sani, wanda zai ji haushi ya ji.

Masu saye iri biyu ne. Wakilan manyan kamfanoni suna zuwa da sikeli da na'urar auna danshi. Su soka buhu, su duba, su ce danshi ya yi yawa, a zabge kilo kaza, datti ya yi yawa, a zabge kilo kaza. Wannan daidai ne. Amma ban taɓa jin ranar da aka ce wa manomi kayanka sun fi abin da muke nema kyau, ga ƙari ba. Awon nasu ragi kawai ya sani. Ƙananan masu inji kuma, ku yi haƙuri Alhaji, da yawanku idan kun kira ni ba kwa cewa Baba nemo mini mai kyau. Cewa kuke Baba nemo mini mai sauƙi. Na nemo mai sauƙi, an casa ta fito tsaki, sai a ce dillali ya cuce ni. Araha dai ba ta ado.

Gauraye kuma ba duka daga gona yake ba. Mai tara kaya yakan sayi kwano goma a wurin wannan, buhu ɗaya a wurin wancan, daga ƙauye biyar, ya juye wuri ɗaya ya ɗura. Ta rani da ta damina, sabuwa da tsohuwa. Sannan akwai marasa tsoron Allah, ba zan ɓoye ba, masu yayyafa ruwa da daddare don ta yi nauyi, da masu sa mai kyau a bakin buhu su cusa ƙasa-ƙasa a tsakiya. Ni duk wanda na kama da wannan ba na sake karɓar kayansa, amma gobe za ka gan shi a rumfar wani.

Malam Na'ibi (Kura):
Baba Dillali, Allah ya yi albarka da wannan gaskiyar. Abin da kuka ambata na ƙarshe sunansa algus, kuma hukuncinsa a fili yake. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani tarin abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa ciki sai yatsunsa suka ji danshi. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai ya ce masa don me bai sa jiƙaƙƙen a sama ba yadda mutane za su gani, ya kuma ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Ku lura, ba a hana shi sayar da jiƙaƙƙe ba, ɓoyewar aka hana. Wanda ambaliya ta taɓa kayansa ya faɗa, a saya a kan haka. Mai saye kuma da ya ga kaya masu kyau ya kushe su don ya karya farashi, shi ma ya sani tauye haƙƙi ne.

Habu Bakanike (Kwanar Dangora):
Ranku ya daɗe Alhaji, ni yaronku ne, amma a bar ni in ce wani abu a kan inji, tunda cikinsa nake wuni. Ba kowane laifi ne na shanshera ba. Tsohon injin nan mai ƙarfe, wanda yake ɓare ɓawo ya goge a zubi ɗaya, yana karya shinkafa fiye da mai roba, ko da kayan sun yi kyau. Idan wuƙarsa ta ci ko an matse ta da yawa, abin ya ƙaru. Wasu masu injin kuma sai roba ta cinye har ƙarfe ya kusa bayyana kafin su yarda a canja.

Amma a ɗaya ɓangaren kuna da gaskiya. Abin da ke cinye robar da wuri yashi ne da tsakuwa. Rariyar da ya kamata ta daɗe, tsakuwa ɗaya ko guntun ƙusa ya huda ta, a tsaya aiki rabin wuni, masu kaya suna zaune. Mai danshi kuwa toshe rariya take yi, dusa ta dunƙule, inji ya yi nishi, dizal ya tafi. Shi kuma gauraye, tazarar da ke tsakanin robobi biyun guda ɗaya ce. Idan na saita ta daidai mai kauri, siririya ta wuce da ɓawonta. Idan na matse don siririya, mai kauri ta fashe. Ko injin cire tsakuwa da nauyi yake aiki, dunƙulen busasshiyar laka mai girman ƙwaya yakan kuɓuce masa, ya je gaba ya farfashe ya ɓata hasken shinkafar.

Inna Mai Ƙuli (Ɗambatta):
Mu ma masu gyaɗa haka muke fama. Wadda aka cire ba ta ƙosa ba mai kaɗan take bayarwa, wadda ta yi fumfuna kuma ko kaɗan ce a cikin kwano sai ƙulin ya yi ɗaci, mai saye ba zai dawo ba. Malaman asibiti ma sun ce gubar fumfunar nan tana taɓa hanta. Allah ya kyauta.

Hajiya Mai Abinci (Wudil):
Amin, Inna. Ni ce ƙarshen layin nan, don a tukunyata ake ganin sakamakon kowa. Ranar Juma'a da kasuwa ta cika ba ni da lokacin tsintar tsakuwa. Mutum ɗaya ya tauna tsakuwa ya tofar a gaban jama'a, na rasa teburi guda. Mai gauraye kuma a tukunya rabi ta caɓe rabi da gari a ciki, kuma ba ta auki. Lokacin da aka rufe boda a 2019 kowa ya koma ta gida dole, kuma a gaskiya an samu gyara sosai, yanzu akwai ta gida da ba za ka bambanta ta da 'yar waje ba. Ni ina da mace ɗaya da nake saye a wurinta, kullum kuɗinta ya ɗara na kasuwa, kuma ban taɓa neman ragi ba, don kwanonta yana ba ni faranti fiye da na kowa. To idan ni mai tukunya ina biyan bambanci, a ina kuɗin yake maƙalewa da ba ya kai wa Ɗan Fadama?

Ɗan Fadama (Auyo):
Hajiya, Allah ya biya ki. Tambayar ke nan.

Malamin Gona Mai Ritaya (Garun Malam):
Kafin Alhaji ya amsa, bari in koma kan gauraye, don shi ne wanda manomi zai iya magancewa ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba. Shinkafa ba kamar masara ba ce da iska ke kwaso mata barbara daga gonar maƙwabci, galibi kanta take yi wa barbara. Don haka cakuɗuwar iri daga hannunmu take. Gyauron bara ya tsiro a cikin na bana. Duron da aka buga wani iri a jikinsa a buga wani ba a share ba. Tsohon buhu da sauran ƙwayoyi a kusurwarsa. Sai kuma sayen iri a kasuwa da kwano, a ce maka Faro 44 ce, alhali an haɗa ta da Faro 52 da Jamila. Faro 52 ta fi Faro 44 daɗewa a gona, don haka a ranar da ɗaya ta isa yanka ɗayar tana da kore. Kun ga inda baƙin da Maman Hafsa ke tsincewa yake fitowa.

Tun da aka gama dam ɗin Tiga a 1974 ruwa ya wadata a Kadawa da Kura da Bunkure, wasu gonakin ba sa hutawa, shinkafa a kan shinkafa, shi ya sa gyauro ya yi mana yawa. Maganinsa, ka ware ɗan yanki a gonarka na iri. Idan ta fara fitar da kai ka shiga ka tumɓuke duk wadda ta fi sauran tsawo, ko ta riga su, ko launinta ya bambanta. Ka yanke wannan yankin daban, ka buga daban, ka ajiye a sabon buhu. Bayan 'yan shekaru ka sabunta da iri mai shaidar hukumar kula da iri ta ƙasa. Ku kuma mutanen Auyo da Haɗeja, ku tambayi malaman JARDA, hukumar raya noma ta Jihar Jigawa, labarin Faro 66 da Faro 67. An fitar da su a 2017 musamman don wuraren ambaliya, suna jure nutsewa a ruwa har kusan mako biyu.

Fankon da ke yawa a ta rani kuma, sau da yawa zafi ne. Idan furenta ya haɗu da zafin da ya haura digiri 35, irin na watan Afrilu, ɓawo zai fito babu ƙwaya a ciki. Masu jinkirin dashe su ne suka fi faɗawa wannan.

Alhaji Mai Inji (Kura):
Na ji kowa. Habu, maganar roba tana nan, kuma duk mai injin da ke jin mu ya ji. Baba Dillali, masu neman mai sauƙi suna da yawa a cikinmu, ban musa ba.

Hajiya, kuɗin a wurin awo yake maƙalewa. Muddin da buhu ake ciniki, ba mai iya biyan bambanci da natsuwa, don ba ka san me ke ciki ba sai ka casa. Ku duba danshi kaɗai. Kilo 100 mai danshi 20, idan ta sauko 14 kilo 93 za ta koma. Mai danshi 24 kuwa kilo 88 da ɗan ɗoriya. Wato a buhu ɗari na irin wannan, kusan buhu goma sha biyu ruwa na saya, sannan in biya masu shanya. Ashe kuwa wanda ya kawo mini busasshiya mai tsabta, ko na ƙara masa kashi goma cikin ɗari ban faɗi ba.

Ga abin da zan iya, kuma a gaban jama'a nake faɗa. Ɗan Fadama, idan kai da mutanenka za ku haɗa mota guda ta iri ɗaya, wadda aka buga a tamfol, zan zo da sikeli da na'ura. Abin da ya kai 14 kuma ya fita tsab, zan biya sama da farashin kasuwar ranar. Abin da bai kai ba mu yi lissafin ragi a fili.

Ɗan Fadama (Auyo):
Alhaji, mun gode, kuma zan kai maganar ga 'yan ƙungiyarmu. Amma da sharaɗi uku. Awo a gabanmu za a yi, a garinmu, ba sai kaya sun isa Kura an sauke a kira mu a waya a ce an samu danshi ba, don a lokacin ba mu da bakin magana. Ƙarin kuma a faɗe shi tun kafin mu sa lauje, a rubuta, kowa ya riƙe takarda. Na uku, kuɗi a hannu ranar da aka ɗora kaya. Wani kamfani ya taɓa karɓar kayan mutanenmu da alkawarin mako guda, sai da aka shiga wata na biyu ana zarya, tun daga nan jama'a suka gwammace su sayar da araha su ga kuɗinsu.

Maman Hafsa (Bunkure):
To mu fa masu buhu biyu? Ba mu da sikeli ba mu da na'ura, kuma idan masu inji suka kwashe mai kyau tun daga gona, ragowar ce za ta iso mana kasuwa.

Malamin Gona Mai Ritaya (Garun Malam):
'Yata, wannan damuwar a kan hanya take. Ku haɗa kuɗinku ku goma ko ashirin ku sayi gonar mutum ɗaya da kuka ga shinkafarsa tun tana tsaye, ku raba. Idan kuma kasuwa ta kama dole, ki tafi da ƙaramin kofi. Ki sa a soko miki daga tsakiyar buhu da gindinsa, ki zuba cikin ruwa a gaban mai kayan, ki ga abin da zai taso. Ki ciza biyar, ki ɓare goma ki haska. Mai kaya masu kyau ba zai hana ki ba.

Baba Dillali (Gujungu):
Duk na ji, kuma ban ƙi ba. Sai dai Alhaji da Ɗan Fadama, kafin ku kai ga mota guda sai an samu wanda zai bi gona-gona ya tabbatar iri ɗaya ne, ya hana a cusa na maƙwabci a ciki ranar ɗuri. Wannan aikin wa zai yi, kuma wa zai biya la'adarsa?

Alhaji Mai Inji (Kura):
Ku za ku yi shi, Baba, don kun fi mu sanin mutanen. La'ada a kaina, amma a kan buhun da ya ci awo kaɗai za a biya ta. Ɗan Fadama, sharuɗɗanka biyu na farko na karɓa. Na ukun, rabi a hannu ranar lodi, rabi bayan kwana uku idan na casa.

Ɗan Fadama (Auyo):
A'a Alhaji, idan an auna a gabanku kun gamsu, babu sauran jiran casa. Abin da ya faru bayan nan tsakaninku ne da masu gumi da Habu. Ku sake dubawa, ni kuma zan ji ta bakin mutanenmu bayan sallar Juma'a in dawo muku da adadin buhun da za mu iya haɗawa.